Yadda Gogen Lasifikar Kurfi Ya Kai Ni Yamai

Wata shida ke nan da dawowata daga Yamai, amma har yau duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce in ba shi labari, in na kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma farko. Shekaranjiya ma na ji wani a teburin mai shayi yana ba da labarin a madadina, har ya sa mini jirgin sama da Bature a ciki, alhali a Fijo na je na dawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma sayar da batir.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Mamman mai rediyo na bakin kasuwar Dutsin-Ma. Da tiren batir da ƙwan tocila na fara, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya ɗaga ni shi ne injin lasifika, wanda muke haɗawa da kanmu muna sayar wa masallatai da masu sanarwa. Na ce muke, amma gaskiya Bulus ke haɗawa. Bulus mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, aikin sa wayar lantarki ya kawo shi garin nan ya zauna. Shekara tara muna tare, shi da ƙarfen liƙi da dalma, ni da baki.

Cikin kowane inji akwai wani ɗan allo da masu gyara ke kira fanel. A fuska ɗaya ake dasa ƙananan kaya, su taransista da kwandansa, ɗaya fuskar kuma hanyoyi ne sirara na jan ƙarfe kamar lungunan tsohon gari, ta nan wuta ke bi. Ba a yin fanel da ka, sai da zane. Namu zanen Bulus ya samo shi shekara bakwai da suka wuce a hannun wani mai gyara a Maraɗi, asalinsa kuma daga wani tsoho ya fito a Yamai, Baba Haruna. Ƙa'idar tsohon ita ce zanen na kowa ne. Kowa ya kwafa, kowa ya ci abinci da shi, ba a sayar da takardar, wanda kuma ya ƙara wani abu ya rubuta a gefe abin da ya ƙara da dalilinsa da sunansa, ya aika masa.

Ranar da Bulus ya kawo takardar ni na tafi da ita Katsina wurin injin kwafi. A mota na duba gefenta, na ga ƙananan rubutu fal, wani da Faransanci, wani da ajami, wani da boko, ga sunan tsohon har da unguwarsa. Ni ɗan kasuwa ne. Na ce in wannan ya shiga hannun masu gyaran Katsina da Funtuwa, gobe kowa ya san hanyar rijiyar. Na ari almakashi wurin wani tela na datse gefen kaf, na kwafi tsakiyar, na buga hatimin shagona. Da Bulus ya tambaya na ce injin ne ya cinye. A lokacin bai taɓa ganin injin kwafi ba, ya yarda. Haka muka yi ta aiki da zane mai wayoyi tara da ake tsallakawa ta bayan fanel, kowace da lambarta, babu wanda ya san aikin ko ɗaya, domin bayanin yana gefen da ya tafi.

Bara kuma na lura mutanen ƙauye ba sa girmama ƙaramin inji. In dattawan masallaci suka zo saye, ɗagawa suke su ji nauyi. Sai na sa kafinta ya yi mini akwati ninki biyu, fanel na zaune a ciki kamar goro ɗaya a masaki, Bulus ya ƙara wa wayar makirfo tsawo don ta kai. Na farko a cikin manyan nan masallacin Juma'a na Kurfi ya tafi, wasu kuma Makera da Shema.

Wata Juma'a cikin Sha'aban, shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Katsina, Malam Liman na wa'azi kafin salla a kan guje wa sharholiya. Ya tsaya ya ja numfashi, sai lasifikar da ke kan rufi ta ɗauki goge, tsaf, har da amshin mata. Wani gidan rediyo ta kamo. In Liman ya yi magana gogen ya ja baya, in ya yi shiru ya dawo. Ba na wurin, amma kafin la'asar labari ya riga motar Kurfi isowa, kafin mako ya zagayo kuwa na zama Alhaji Goge.

Na je na durƙusa gaban Liman. Mutum ne mai sanyin magana, kuma irinsu sun fi ban tsoro.

"Alhaji, ni ban ce kai ka gayyato mai gogen ba," in ji shi. "Amma ran da aka ɗauki azumi zan buɗe tafsiri. In ya riga ni magana, ka zo da amalanke ka kwashi kayanka."

Na san in amalanken nan ya fito daga Kurfi da rana tsaka, na Makera da na Shema za su biyo shi, kuma babu masallacin da zai ƙara sayen ko fulogi a hannuna. Kwana goma sha biyu suka rage.

Bulus ya naɗe wayoyi da takardar kwalin taba, ya juya akwati gabas ya juya yamma, goge na nan. Daga nan ya fito da abin da ya shekara yana ɓoye mini: sabon fanel da ya zana tun daga tushe, tsaf-tsaf, babu waya ko ɗaya a bayansa. Ya ce wayoyin nan tara su ne cutar, riga in faci ya fi yadi yawa ba tela take nema ba. Na ce injinanmu sun cika ƙauyuka, kowane gari akwai mai gyaran da ya haddace tsohon fanel ko a duhu, in muka sauya wa zai gyara musu? A ƙara waya ta goma a huta, ba a yaye rufi hadari na gabas. Ya ce shekara bakwai ke nan yana jin wannan magana, hadarin nan ba ya barin gabas ɗina. Da muka ga babu mai sakin wani, muka ce a kai ƙara wurin mai zanen. Shi alƙali yake nema ya ce ya yi daidai, ni kuwa waya ta goma nake nema.

Muka ɗauko injin daga Kurfi muka bar musu aro, washegari da safe muka shiga motar Katsina. Hanyar kuwa dole ta bi ta Kurfi. Da direba ya tsaya ɗaukar kaya na sunkuya bayan akwatin da ke kan cinyata, ina ganin na tsira, sai wani mai goro ya leƙo ta taga ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya a wane gari za a yi wasan yau. Na sayi goronsa don ya tafi.

Daga Katsina muka kama hanyar Jibiya. A iyaka, ɓangaren Nijar, wani jandarma ya buɗe jakar Bulus ya ci karo da zanen. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya tambaya taswirar wane gari ce, kuma wannan babban murabba'in da hanyoyi suka taru a kai barikin soja ne ko me. Bulus ya rikice ya fara bayani da Turanci, abin ya ƙara lalacewa. Na sa baki da Hausa, ashe jandarman Bahaushen Tasawa ne. Ya ce in inji ne a kunna ya gani. Muka jona da batirin Fijo, na ɗauki makirfo na yi sallama, murya ta fita har awakin gefen hanya suka watse. Ina yin shiru sai ga kiɗa, wannan karon ma ya fi na Kurfi fita, don mun matso kusa da tasharsu. Jandarmomi suka taru suna gyaɗa kai. Na Tasawa ya ce bai taɓa ganin lasifika mai rediyonta a ciki ba, lallai 'yan Najeriya akwai kai, ya tambaya ko na sayarwa ne. Abin da ya zubar mini da mutunci a Kurfi shi ya buɗe mini iyaka.

A Maraɗi muka nemi Illa, mai gyaran da ya ba Bulus zanen, da fatan ko yana da cikakkiyar takarda mu huta da doguwar tafiya. Muka tarar ya bar gyara ya koma fataucin albasa, takardunsa kuwa gara ta yi biki da su tun damina uku da suka wuce. Ya karɓe mu hannu biyu, ya sauke mu a zaurensa tsakanin buhuna, har muka kai Yamai duk wanda ya zauna kusa da mu sai ya goge ido. Da safe aka kawo shayi da burodinsu mai tsawon sandar makiyayi, ɓawonsa kuma in ba ka tsoma a shayi ba sai ya karce maka dasashi. Amma kilishinsu, gaskiya ɗaya ce, ya fi namu. Mahautan garin nan su yi haƙuri, a bakina aka ji. Kwatancen da Illa ya ba mu shi ne mu je bayan babbar kasuwa mu tambayi mai rediyon da ba ya sayar da rediyo.

Hanyar Yamai yini guda ce cur, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Na ƙi yarda a ɗora akwatin a saman mota, don haka a cinyata ya yi tafiyar, kuma a nan na fara tsine wa shawarar ƙara masa girma. A bakin kowane gari sai kowa ya sauko, a tara katin shaida, a dinga kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan firamare, babu mai tsaki, babu mai cewa sauri yake. A wurinmu da tuni wani ya tambayi mai kiran ko ya san ko shi wane ne.

Gardamarmu da Bulus ba ta tsaya a iyaka ba, har sai da fasinjoji suka shiga. Wata tsohuwa ta ce tana da ƙwaryar da aka ɗinke sau biyar, ta ga bayan sababbi uku. Wani magini da ke gidan gaba ya juyo ya ce in tsaga daga tushe ta taso, yaɓe ƙarya ne kawai ake yi wa mai gida. Mota ta rabu biyu. Direba, Bazabarme mai 'yar Hausa, ya ce shi motarsa babu abin da ya rage na asali sai lamba, kuma ga shi tana tafiya, kowane ɓangare ya ce ai shaidarsa ce wannan. Bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara ƙaranci. A Doso da yatsa na sayi abinci, dambu da zogale, wanda a gida sai ka rufe ƙofa in baƙo ya zo kana ci, can kuwa ma'aikata masu taye a wuya ke layi a kansa.

A Yamai muka sauka a gidan wani fatake ɗan Katsina. Washegari muka ɓata safiya wajen neman lungun, muka iso shagon Baba Haruna rana na tsakiya, muka tarar da kwaɗo. Ba shi kaɗai ba, layin duka. Ashe al'adarsu ce, daga tsakar rana har kusan la'asar kowa ya rufe ya je ya kwanta. Ni da ko jana'iza zan je sai na bar rabin ƙofa a buɗe, na zauna gindin bishiya cikin zafin bazarar da ya fi namu, ina kallon ciniki na wucewa babu mai tare shi.

Baba Haruna ɗan siririn tsoho ne, Bahaushen wajen Tawa, ya yi aikin wayar tarho har ya ajiye. Shagonsa babu kayan sayarwa, sai teburin aiki da bango cike da wasiƙu a soke da ƙusa. Daga ciki akwai wani ɗaki mai fanka inda 'yarsa Malama Zainabu, mai koyarwa a makarantar fasaha, take zama gaban kwamfuta. Ranar na fara ganin kwamfuta, kamar talabijin ce ta auri tafireta. Fankar ma ba don mutane aka kunna ba, don ita ce.

Bayan gaisuwa da ruwa na faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon bai yi dariya ba, ya ce a ba shi takardarmu. Ya duba tsakiya, ya duba hatimina, sannan ya tambaya ina gefen. Bulus, bawan Allah, ya amsa da zuciya ɗaya cewa injin kwafi ne ya cinye a Katsina, ya ma fito da ta asalin don a gani. Baba ya bi bakin takardar da babban yatsa a hankali, ya tsaya daidai inda almakashi ke buɗe baki ya sake kamawa.

"Wanga inji naku na Katsina," ya ce, "hannun tela gare shi."

Na yi ciniki da mutane iri-iri, na san lokacin da ja ya ƙare. Na faɗi gaskiya duka, har da sunan unguwar telan. Bulus ya ja kujerarsa ya matsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya ɗauko uwar takardar. Gefenta ya cika har an liƙa wasu takardu sun fito kamar hannun babbar riga. Ya sa yatsa a lamba goma sha ɗaya, wadda ba waya ba ce, gargaɗi ne daga wani mai gyara a Damagaram: duk wanda ya tsawaita wayar makirfo ta wuce taƙi ɗaya ta zama eriya, sai ya sa ƙaramin kwandansa a bakinta. Na tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko sabon rubutu ne. Ya ce ya girmi takardarmu da shekara biyu. Wato maganin da na keta ƙasa biyu ina nema, ni na zubar da shi da hannuna a kwandon tela, cutar kuma ni na saya wurin kafinta.

Ya buɗe akwatin, ya liƙa wani ɗan kwandansa kamar ƙwayar wake. Muka kunna, muka yi shiru. Babu abin da ake ji sai fanka. Muka ƙara jira, har yanzu fanka.

Kunya ba ta hana ɗan kasuwa ganin riba. Na juya na ce wa Bulus ai ga shi, faci ya yi. Bai kalle ni ba, ya zaro sabon fanel ɗinsa ya ajiye gaban tsohon. Baba ya daɗe yana dubawa, ya ce a cikin duk waɗanda suka taɓa zanen nan bai ga hannu mai tsabta irin wannan ba. Sannan ya ce shi ba ya gwada fanel kamar mai gyara, kamar ladani yake gwada shi. Ya ɗauki wayoyin batir ya jona su a juye, ja a wurin baƙi. Hayaƙi ya tashi siriri. Ya karanta lamba huɗu: wani mai gyara a Tawa ne ya ƙara ta, bayan ladaninsu ya ƙona inji uku da asuba cikin duhu. Bulus ya canza abin da ya ƙone. Baba ya jona lasifika biyu maimakon ɗaya, kamar yadda kowane gari ke yi ranar idi, fanel ya ɗau zafin da ba a iya taɓawa. Lamba shida ke nan. Ya ce kowace waya a bayan tsohon fanel tabo ce, wani ya ji ciwon kafin mu, in ka ga ta yi muni ka fara tambayar abin da ya sare shi.

Dariya ta kusa ƙwace mini, sai Malama Zainabu ta yi magana daga ƙofar ɗakinta. Ta ce Alhaji kada ya yi saurin murna. Taransistan da aka gina tsohon fanel a kansa masu yinsa sun fara dainawa, nan da 'yan shekaru ko da fitila ba za a same shi ba, kuma wayoyi tara wurare goma sha takwas ne da zafi zai iya sakin dalma. Na san gaskiya ta faɗa, domin sau biyu mai kawo mini kaya daga Kano yana cewa abin ya yi wuya, ina ɗauka salon ƙara kuɗi ne.

Ta kira mu ciki ta nuna mana aikinta, a nan na gane mun kawo ƙara gidan da alƙalai ke rigima. Kwamfutar tana zana fanel ne da wani tsari da aka ɗura mata, suna kiransa furogiram. Malamai ne a garuruwa daban-daban suka rubuta shi, yana yawo a ɗan faifai da ƙa'ida irin ta Baba: kowa ya kwafa, kowa ya gyara, ya dawo da gyaran. Tun farko an gina shi ne don fanel mai hanyoyi a fuska ɗaya, yanzu kuwa mutane na son fuska biyu. Uban ya ce a ƙara masa abin da ya rasa. 'Yar ta ce tushen ba zai ɗauka ba, ta fara rubuta sabo daga farko, shekara biyu ke nan. Baba ya nuna ƙusa guda cike da wasiƙun gyare-gyaren da mutane suka aiko wa tsohon furogiram ɗin, ba ta shigar da ko ɗaya ba, kullum sai ta ce sabo na zuwa.

"Sabon nan na ɗiyata," ya ce, "ruwan kwalta ne da rana. Kana matsowa yana matsawa."

"Naka kuma, Baba, jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ne," in ji ta. "Kullum kana ƙara masa igiya."

Babu wanda ya tambaye ni, amma na sa baki, don mutumin da asirinsa ya riga ya tonu ba ya da sauran abin tsoro. Na ba su labarin shagona. Da na ginin ƙasa ya yi mini kaɗan, magini ya ce in rufe wata uku a rushe a gina na siminti. Na ce wanda ya zo sayen batir ya tarar da kwaɗo sau biyu ya koyi wata hanya. Sai na sa aka gina sabon bango ta waje ya kewaye tsohon, aka yi rufi a sama, ina ciki ina ciniki. Na dinga mayar da kanta bango ɗaya bayan ɗaya, batir kuma na bar shi a kusurwar da hannun mutane ya saba zuwa. Daga ƙarshe aka fitar da tsohon ginin da kwando ta ƙofa.

Malama ta ce furogiram ba shago ba ne. Na ce haka ne. Ta yi ta buga fensir a tebur, can ta ce wani abu a ciki zai yiwu. Sabon zai fara koyon karanta tsofaffin zane tukuna, sannan ta dinga sauya sashe-sashe, ta fara da sashen da ke tuƙa alƙalamin injin zane, kuma za ta ware yini ɗaya a mako don wasiƙun da ke ƙusa. Amma yadda furogiram ɗin yake auna tazara, wanda shi ne tushen, ba ya sauyuwa guntu-guntu, dole rana ɗaya a cire shi gaba ɗaya, sai dai ta rubuta wa kowa tun da wuri ya shirya. Baba ya fara gunaguni. Na ce masa ni ma na rufe shago yini ɗaya, ranar fitar da bango, na dai zaɓi ranar da ba kasuwa ba. Ya ce to, in dai za a taɓa ƙusar nan.

Kwana biyu muka ƙara. Bulus da Malama suka zauna suka shigar da sabon zanensa cikin kwamfuta, suna bin lambobin gefe ɗaya bayan ɗaya, kowace waya a mayar da aikinta hanyar jan ƙarfe. Ni abu ɗaya na roƙa, a bar ramukan ƙusa inda suke, don sabon ya zauna a tsofaffin akwatuna. Da suka gama, wani inji ya ɗauki alƙalami da kansa ya hau zane babu hannun kowa, na ja da baya ina karanta abin da ya sawwaƙa. Aka yanke cewa ba za a sayar da sabon ba sai an gwada shi a gari uku ya ga bazara ya ga damina, tsofaffin kuma duk a bi su da ƙwayar wake. Aka sa sunan Bulus a kai.

Ranar tafiya Baba ya ba mu cikakken kwafi, ya ƙi karɓar komai sai goron Kurfi da na manta a aljihu. Har na miƙe ya ce saura abu ɗaya. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya sauya takarda ya rubuta abin da ya yi, kuma ni ma na sauya ta. Ya miƙo mini biro, ya nuna lamba ashirin da uku. Na ce ko a rubuta wani mutum daga Najeriya. Ya ce mutum ashirin da biyu sun sa sunansu, har da wanda ladaninsa ya ƙona inji uku. Na rubuta: Alhaji Mamman, Dutsin-Ma, ya yanke gefen takarda da almakashi, ya ƙara girman akwati don ciniki, kada a yi. Bulus ya leƙo ta kafaɗata ya ce in ƙara cewa ya kuma ce inji ne. Maganar farko ke nan da ya yi mini cikin kwana uku, don haka na ƙara.

A dawowa muka sake samun jandarman Tasawa a iyaka. Ya gane akwatin, ya kira abokansa, ya ce a kunna. Aka kunna, na yi sallama, muka yi shiru. Ya jira, ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, sannan ya dube mu da tausayi ya ce masu gyaran Yamai sun lalata mana kaya.

Ranar farko ta azumi bayan la'asar na zauna a sahun ƙarshe na masallacin Kurfi, kusa da takalma. Bulus yana waje gindin darbejiya da ƙarfen liƙinsa. Malam Liman ya buɗe tafsiri, ya yi karatu, sannan ya tsaya. Duk masallacin aka ɗaga kai ana kallon rufi. Na rantse da gangan ya tsawaita shirun nan, har na ji kukan kurciya a bayan gari. Sai ya ce to, ya ci gaba. Da aka tashi na je gaishe shi, abin da ya ce kawai shi ne a sha ruwa lafiya, Alhaji Mamman. Da sunana ya kira ni, a gaban mai goro.

Sabon fanel yana Makera yanzu, ya ga damina bai yi tari ba, muna jiran labarin sauran garuruwa biyun. Alhaji Goge kuma ya mutu, sai ɗaiɗaikun tsofaffin abokai da ba sa barin gawa ta huta.

Makon jiya wani mai gyara daga Funtuwa ya shigo sayen dalma. Ya dubi allon shagona, ya zaro wata takarda daga aljihu wadda ya ce ta Damagaram ta biyo ta Kano ta iso masa, ya duba gefenta, ya sake duban allon. Ya tambaya cikin girmamawa ko ni ne na lamba ashirin da uku. Na ce ni ne. Ya ce Allah ya saka, saura kaɗan shi ma ya ba kafinta aiki. Ya ce an gaya masa takardar ta kai har Agadas. Goge dai a Kurfi ya tsaya.

Ya roƙi kwafin sabon zanen, na ce ya dawo jibi zan shiga Katsina. Daga cikin shago Bulus ya ce a bar shi, shi zai je da kansa, ya ji an ce injin nan ya fi cin gefe in Alhaji ne ya kai.